Hotunan Hawan Zazzau: Laifin Hannu Ne Ko Na Doki?

Duk bayan Sallah, in ka buɗe Facebook za ka tarar hotunan hawan Zazzau sun cika shafuka: mahaya na jahi a Ƙofar Fada, ga 'yan lifidi, ga laimar Sarki can nesa. To amma ka sa yatsu ka zuƙo hoton. Adon jalala, aikin sirdi, fuskar mahayi, duk sun yi dishi-dishi. Abin takaici, har hotunan manyan kyamarori masu dogon gilashi ba su tsira ba. Ka tambayi mai hoton, sai ya ce ai ƙura ce.

Ƙura na da nata laifin, amma sau da yawa ba ita ba ce. Ka haska tocila a bangon da ke gabanka, ka ɗan motsa hannu: hasken zai gusa kaɗan. Ka haska ta a bango mai nisa, wannan ɗan motsin zai sa hasken ya yi tsalle. Haka gilashin zuƙo nesa yake. Mai milimita 300 yana girmama abu sau shida a kan mai milimita 50, kuma yana girmama rawar hannunka sau shida. Hannu kuwa ba ya tsayawa cak. Ko lafiyarka ƙalau, yana 'yar karkarwa kusan sau 8 zuwa 12 a daƙiƙa.

Maganin farko shi ne saurin ƙiftawar kyamara, wato tsawon lokacin da idonta ke buɗe. Tsohuwar ƙa'ida ta ce in gilashinka milimita 300 ne, kada ƙiftawa ta gaza 1/300 na daƙiƙa. Amma don fim mai milimita 35 aka tsara ta. Kyamarori da yawa a yau na'urar ɗaukar haskensu ta fi fim ƙanƙanta, don haka 300 ɗin yana aiki kamar 450 ko 480. Ka ga kenan 1/500 ya fi aminci.

Babban kuskuren da muke gani a hotunan nan shi ne dogaro da na'urar daidaita rawa, wadda Canon ke kira IS, Nikon kuma VR. Tun 1995 Canon ya fitar da gilashin 75-300 mai ita, kuma tana aiki sosai. Sai dai fa hannunka take gyarawa, ba ruwanta da doki. Dokin da ke sukuwar kilomita 36 a awa yana cin mita 10 a daƙiƙa. A 1/60 ya gusa kusan santimita 17 kafin ido ya rufe. A 1/1000, santimita ɗaya kacal.

Ga yadda za ka gane mai laifi. Dubi zanen bangon fada a bayan mahayin. In bango da doki duk sun yi dishi, hannu ne. In bango ya fito fes, doki ya narke, ƙiftawa ce ta yi nawa. Akwai kuma hotunan da suka cancanci yabo: mai hoton ya bi dokin da kyamara, mahayi ya fito tar, jama'a suka shafe a baya. Wannan da gangan ne, kuma yana nuna gudu fiye da hoton da ya daskare.

Saura me? Hannun hagu a ƙarƙashin gilashi, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, ka jingina da bango in ka samu. Ka saki numfashi a hankali, sannan ka danna. Ka ɗaga ISO ba tare da fargaba ba: hoto mai tsaki-tsaki yana gyaruwa, wanda ya yi rawa kuwa da wuya.

Jahi daƙiƙu kaɗan ne, ba mahayin da zai maimaita maka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin wata Sallah, ka je Ƙofar Doka ka gwada hannunka a kan 'yan acaɓa.