Inda Idon Likitan Fata Ke Sauka

Ido tsalle yake yi a kan hoto, sau uku ko huɗu cikin daƙiƙa guda, ya ɗan tsaya, ya sake tashi. Wurin da yake gani tangaran bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba idan ka miƙe hannu. Shi ya sa masu bincike ke ɗora na'urar bin sawun ƙwayar ido a gaban likita, su nuna masa hoton tabon fata, su ga inda idonsa ya sauka da inda ya tsallake.

Stephan Dreiseitl da abokan aikinsa sun yi irin wannan gwaji a Ostiriya, suka wallafa shi a 2012. Ƙwararru sun fi saurin gamawa, kuma idonsu bai cika tsaye-tsaye ba. Ɗalibi kuwa yawo idonsa ke yi, kuma da dalili. An koya masa ƙa'idar ABCD da likitocin Jami'ar New York suka fitar a 1985: ɓangarorin tabon biyu sun yi kama? Bakinsa a daidai yake ko a cinye? Launi ɗaya ne ko gauraye? Faɗinsa ya haura milimita 6? Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya koma baki, ya dawo tsakiya, ya sake komawa. Gwani tun kallon farko ya riga ya zargi wani wuri, sauran duban na tabbatarwa ne. Likitocin hoton ƙirji ne suka fara nuna wannan: a 1975 Kundel da Nodine sun haska musu hoto na kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, suka dace da kusan kashi 70 cikin ɗari.

Abin da nake tsoro shi ne a ɗauki saurin a matsayin darasin. Saurin gwani 'ya'yan dubban tabban da ya gani ne, kuma idon da ya saba yakan makance ga abin da bai zata ba. A 2013 Trafton Drew da abokansa sun saka ɗan hoton goggon biri cikin hoton huhu. Likitoci 20 cikin 24 ba su lura ba, alhali na'urar ta nuna da yawansu sun kalli wurin kai tsaye.

Ga mu masu baƙar fata maganar ta fi nauyi. Yawancin hotunan littattafan koyar da likitanci na farar fata ne, inda kumburi ke fitowa ja wur. A jikinmu yakan yi duhu ne, ko ruwan ƙasa, ko toka-toka. Sankarar fata ta melanoma ma a wajenmu ta fi fitowa a tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce, har mai ita ya ɗauka tawadar Allah ce ko tsohon rauni. Ta Bob Marley, wadda ta yi ajalinsa a 1981, daga ƙarƙashin farcen yatsan ƙafa ta faro. Ɗalibin da ke Kano ko Damagaram yana buƙatar taskar hotunan fata irin ta majinyatansa, da malamin da zai ce a cire takalmi a duba tsakanin yatsu.