Tal National: Daga Daɗin Kaani Zuwa Gudun Tantabara

Na fara jin kiɗan Tal National ne a teburin wani mai shayi a unguwarmu ta Poumpoumré, nan Garwa. Mai shayin mutumin Nijar ne daga wajen Maraɗi, kuma yana da wata 'yar rediyo mai cin memori wadda ba ta hutawa. Galibi Shata ne, ko Ɗan Anace, ko waƙoƙin finafinan Kano. Ran nan da dare sai na ji wani abu dabam: jita biyu na bin juna a guje, kalangu na tsoma baki, mawaƙi na rerawa da harshen da ban gane ba, can kuma sai ga Hausa ta faɗo.

Na ce, "Maigida, waɗannan kuma su wane ne?"

Ya ce, "Malam, ai 'yan Yamai ne. Shugabansu ma alƙali ne."

Na ɗauka zolaya ce irin ta masu shayi. Ashe gaskiya ya faɗa.

Hamadal Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, shi ya kafa ƙungiyar a Yamai a shekarar 2000. Makaɗin jita ne, tsohon ɗan ƙwallo, kuma alƙali a kotu. Sunan ƙungiyar ya fito ne daga Tal, wata hamada mai farin rairayi kusa da Ngigimi a jihar Diffa, can gefen tafkin Cadi, wato ba nesa da mu ba idan an bi ta Arewa Mai Nisa. Makaɗan sun fito daga ƙabilu dabam-dabam, Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Buzaye, kuma suna waƙa da harsunan nan. Wannan ne ma'anar rabin sunan nasu na biyu, wato ta ƙasa baki ɗaya.

Ba daga sama suka faɗo ba. Tun ƙarshen shekarun 1980 gasar kiɗa ta Ɗan Gurmu ta zaburar da matasan Nijar su ɗauko kiɗan gargajiya su ɗora shi a kan kayan zamani. An buɗe cibiyar koyar da kiɗa a Yamai mai ɗauke da sunan Alhaji Taya, sannan a 1995 Yacouba Moumouni ya kafa Mamar Kassey. A wannan gona Tal National suka yi shuka. Abin da ya bambanta su shi ne yawan aiki. Sun shahara da yin wasa dare biyar a mako, kowane dare kusan awa biyar, ban da bukukuwan aure da suna. Saboda yawansu ya wuce goma, sukan rabu gida biyu su yi wasa wuri biyu a dare guda. Faifansu kuwa a bakin titi da shataletalen Yamai aka riƙa sayar da shi. A riƙe wannan, domin shi ne mabuɗin duk abin da zan faɗa: hannun da ya kaɗa awa ashirin da biyar a mako, shekara da shekaru, ba ya buƙatar takarda kafin ya san inda ɗan'uwansa zai juya.

Wani mai ɗaukar sauti daga Cikago ta Amurka, Jamie Carter, ya zo Yamai da kayan aikinsa a 2008 ya ɗauki kundinsu A-Na Waya, wanda ya karɓu ƙwarai a gida. Ya komo a 2011 suka ɗauki Kaani, wanda kamfanin FatCat na Ingila ya fitar wa duniya a 2013. Zoy Zoy ya biyo baya a 2015, sai Tantabara a 2018. A kan waɗannan uku na ƙarshe zan tsaya.

Da Kaani ya isa kunnen masu sharhi na Turai da Amurka, sai suka shiga laluben sunan da za su ba shi. Da yawa suka kamanta shi da wani reshe na kiɗan rok da suke kira prog. Wannan salo ya tashi ne a Ingila a ƙarshen shekarun 1960, a hannun ƙungiyoyi irin su King Crimson da Yes da Genesis. Alamominsa uku ne: doguwar waƙa, karin kiɗa mai sauyawa ba zato, da makaɗa masu son nuna gwaninta. To, duk ukun akwai su a Tal National, don haka ban ga laifin mai kamantawa ba. Inda na rabu da su shi ne inda suke magana kamar 'yan Yamai sun je makarantar Landan ne suka koyo.

Duk wanda ya tashi a gidan da mata ke lugude ya san sirrin jitar Tal National. Mace biyu ko uku a turmi guda, kowace taɓarya na sauka a gurbin da 'yar'uwarta ta bari, wata ta wurga tata sama ta tafa hannu ta cafe, ba wadda ta buge wata. Haka jitocin nan suke yi. Ba ɗaya ce ke jan waƙa saura na rakiya ba; kowace tana da ɗan gajeren zancenta da take maimaitawa, haɗuwarsu ce ke ba da kiɗan. A ƙarƙashinsu kuma akwai tsohon lissafin nan na makaɗanmu, inda hannu ɗaya ke buga uku a daidai lokacin da ɗayan ke buga biyu, shi ya sa mai rawa zai iya bin kowanne ya ga dama ba tare da ya ɓata ba. Sauyawar ba-zata kuwa, wadda Bature ke jin ta kamar abin al'ajabi, ita ce abin da mai kalangu ke yi kullum idan ya hango babban baƙo ya shigo fili: ya saki abin da yake kaɗawa ya kama taken mutumin, sauran makaɗa su bi shi nan take. Hasali ma, da King Crimson suka fitar da Discipline a 1981, inda Robert Fripp da Adrian Belew ke saƙa jitocinsu cikin juna, su ne suka matso kusa da lugude. Bambancin kawai, masu sauraren prog zama suke yi suna kaɗa kai, namu kuwa miƙewa suke yi.

Kaani, da Zabarmanci, daɗi ke nan, kuma sunan ya dace. Kundi ne mai sauri amma mai numfashi. Waƙa takan kafa ƙafarta, ta bar ka ka zauna a cikinta minti biyu ko uku kafin ta juya. Ana jin kalangu sarai yana zance da gangunan zamani, ana jin jita mai kaurin murya tana tafiya a ƙasa kamar ingarma. Fiye da komai, ana jin mawaƙi. A "Sarkin Fada" da "Wongharey" murya ce a gaba, kayan kiɗa na yi mata fada. Ko ba ka jin harshen, ka san ana gaya maka wani abu ne.

A Zoy Zoy sai suka ƙara wuta. Juyin ya yawaita, tsayawar farat ɗaya ta yawaita: a yanke kiɗa ɗif kamar an ɗauke lantarki, kafin ka sauke ƙafa an koma da wani kari. Waƙar da ta ba kundin suna da kuma "Claire" sun isa misali. A ganina nan ne ƙungiyar ta kai ƙololuwa, domin gwaninta ta fito fili amma ba ta danne waƙa ba. Idan wani ya ce in nuna masa abin da Bature ke nufi da prog ɗin Yamai, wannan kundi zan miƙa masa.

Tantabara shi ne inda nake da magana. Kundi ne mai ban tsoro wajen ƙarfi. Gudun ya ƙaru, muryar jita ta yi kaushi, ganguna na zuba kamar ruwan Agusta a kan kwano. Sun gayyato Yonatan Gat, makaɗin jita ɗan Isra'ila mazaunin Amurka, ya sa hannu a "Entente". Farkon jin da na yi masa sai da tsigar jikina ta tashi. Amma da na maimaita shi sau biyar, sau goma, sai na lura da abin da na rasa. Sararin nan da Kaani ke bari tsakanin bugu da bugu ya cike. Mawaƙi ya koma ɗaya daga cikin masu tsere, yana ɗaga murya don kada a bar shi a baya. Mu kuwa Hausawa da Fulani, a wurinmu waƙa magana ce tukuna. Shata ya yi shekaru yana riƙe da fili da kalangai da 'yan amshi kawai, Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, saboda abin da ke fita daga bakinsu. Idan kiɗa ya hana ni jin abin da ake faɗa, an ba ni miya an hana ni tuwo.

Zargina, kuma zargi ne na mai saurare, shi ne kunnen waje ya fara jan hannunsu. Tun bayan Kaani sun riƙa zagaya Amurka da Turai, a daidai lokacin da Bombino da Mdou Moctar, su ma 'yan Nijar, suka sa duniya ta ɗauka cewa kiɗan ƙasar shi ne jita mai aman wuta. Mutumin da ba ya jin Hausa ko Zabarmanci ba abin da zai tafa wa sai gudu da gwaninta. Makaɗi kuwa ɗan Adam ne, inda aka fi tafa masa nan yake ƙara bugu.

Sai dai adalci ya sa in kawo hujjar ɗaya ɓangaren, wadda mai shayin nan ne ya fara ba ni ita. Da na yi masa wannan ƙorafi sai ya yi dariya ya ce, "Malam, kai a kujera kake jin su. Je ka Yamai ƙarfe ɗayan dare ka ga ko akwai mai neman ma'ana." Maganarsa na da ƙamshin gaskiya. Mai yiwuwa Tantabara ne ya fi kusa da yadda suke a fili, Kaani kuwa shi ne suka sa babbar riga don baƙi. In haka ne, ba su bar gida ba, ƙofar ɗaki suka buɗe mana. Kuma ba daidai ba ne mu ɗaure makaɗi a turken da muka fara ganin sa. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Na karɓi rabin wannan hujja. Rabin da ban karɓa ba shi ne, faifai ba filin rawa ba ne. Wanda ya saye shi zai ji shi a mota, a shago, a ɗaki shi kaɗai, kuma a can murya ce ke zama da mutum bayan gumi ya bushe.

Me ya kawo wannan dogon zance daga bakin mutumin Garwa? Saboda mu ma mun taɓa kama wannan hanya. Marigayi Ali Baba, ɗan garin nan, ya ɗora kiɗan arewacin Kamaru a kan kayan zamani kafin rasuwarsa a 1989, daga baya Faadah Kawtal suka yi nasu da Fulatanci. Yau fa? Je ka yawancin bukukuwanmu: yaro ɗaya ne da fiyano da lasifika, ya danna maɓalli na'ura ta yi masa ganga. Na'ura ba ta kuskure, amma ba ta hango baƙo ta sauya take. Abin da Tal National suka nuna, ko a kundin da na fi yi wa ƙorafi, shi ne mutum shida masu sauraren juna suna iya abin da kwamfuta ba ta iyawa, kuma ba sai sun ari kari daga kowa ba. Kayan na nan a turmin gidanmu.

Ga mai son farawa, shawarata ya bi su yadda suka zo. Ya fara da Kaani ya san muryarsu, ya wuce Zoy Zoy ya ga iyakar hannunsu, sannan ya shiga Tantabara da shirinsa. Ni dai har gobe idan na zauna teburin shayi, Kaani nake roƙo a sa mini. Mai shayin kuwa yakan sa, amma da na juya baya sai in ji tantabara ta tashi.