Idon Mai Zaɓe: Nazari a kan Tantance Matasan Ƴan Kokowa a Magariya da Dungas

Idan kaka ta yi a ƙasar Magariya da Dungas, gero ya shiga rumbu, gyaɗa ta bushe, rake ya fara fitowa daga fadamun Korama, to a sa'an nan ne ganga ke tashi a dandali, samari su ɗaura walki, ƙauye ya gayyaci ƙauye, tun daga Bande da Wacha har Dogo-Dogo da Malawa. Jama'a kan san sunan wanda ya yi kaye, makaɗa su wasa shi, mata su yi masa guɗa. Amma akwai wani mutum da yake zaune a gefen fili, ba a yi masa kirari, ba a manna masa kuɗi a goshi, alhali kuwa a hannunsa rabon yara masu yawa yake, wato mai zaɓe, wanda aka ɗora wa nauyin ya duba matasa ya ce wannan zai yi, wancan ba zai yi ba. A kan idon wannan mutum, da abin da yake gani, da abin da yake kuɓuce masa, nake so in yi magana, domin a ganina aikinsa amana ce kafin ya zama gwaninta.

Tun shekarar 1975, da aka buɗe gasar takobi ta ƙasa a Tawa, Kantu na Maradi ya ɗauki takobin farko, kokowa a Nijar ta tashi daga wasan kaka ta zama sha'anin hukuma mai tsari da ƙa'ida. Kowace jiha daga jihohi takwas tana kai ƴan kokowa goma, watau mutum tamanin ke nan ke neman takobi guda; kuma kafin yaron ƙauye ya shiga cikin goman Damagaram, sai ya bi matakai, daga ƙaramar hukumarsa zuwa gunduma, daga gunduma zuwa birnin Zinder, inda filin kokowa ke ɗauke da sunan Langa-Langa, sannan a killace waɗanda aka zaɓa a sansanin horo na ƴan kwanaki. Dungas, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011 bayan an cire ta daga Magariya, ita ma ta sami tata ƙofa. Wannan tsari ya kawo alheri mai yawa, domin ya ba ɗan talaka hanyar da sunansa zai kai ko'ina ta rediyo. Sai dai ya taƙaita lokacin dubawa, ya mai da hukuncin da dā ake ginawa cikin shekaru ya koma hukuncin yini biyu ko uku.

A al'adar dā, babu wanda yake buƙatar sansani kafin ya san yaro, saboda gari duka shi ne sansanin. Dattijon da ya yi kokowa a zamaninsa ya ga yaron nan tun yana kiwon awaki, ya ga yadda yake ɗaga damin gero, ya ga noman da yake yi idan rana ta take, ya san uwarsa da ubansa da irin ƙashin gidansu. Na taɓa zama kusa da wani irin wannan dattijo a wani ƙauye da ke kan hanyar Wacha, da dare, ga farin wata, yara suna ta kama juna a kan rairayi. Wani ƙaton yaro ya ɗauki ƙafar wani siriri ya maka shi da ƙasa, fili ya ɗauki sowa. Ni kuwa da na waiwaya sai na ga idon dattijon yana kan wanda aka kayar. Yaron ya tashi, ya karkaɗe rairayi daga gwiwarsa, bai nemi wanda zai ɗora wa laifi ba, ya koma gefe ya tsuguna yana kallon ƙafafun wanda ya kā da shi. Dattijon ya taɓa ni ya ce, «Malam, ka ga wancan? Yau ya sayi karatu, kuma ba zai sake biyan kuɗinsa ba.» Daga wannan dare na fahimci cewa masana wannan fanni suna karanta faɗuwa kamar yadda sauran mutane ke karanta nasara.

Abin da mai zaɓe ke dubawa kashi biyu ne, zahiri da baɗini. Na zahiri shi ne kaurin wuya, da faɗin ƙirji, da ƙarfin ƙugu, da yadda tafin ƙafa ke kama ƙasa, da saurin hannu wajen kai cafka, da numfashin da ba ya yankewa idan karo ya yi tsawo. Na baɗini kuwa shi ne zuciya, da haƙuri, da natsuwa a lokacin da ganga ta yi zafi, da ladabin karɓar gyara. Malamanmu suna da suna ga wannan ilimi na gane ɓoyayye ta hanyar bayyananne, suna ce masa firasa, har Imam Fakhruddin ar-Razi ya keɓe masa littafi. Kuma masu tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sun ruwaito cewa gabanin yaƙin Uhudu, a shekara ta 3 bayan hijira, ya duba samari ya mai da ƙanana gida, ya bar Rafi'u ɗan Khadij saboda gwanintarsa da harbi. Da aka shaida masa cewa Samura ɗan Jundub, wanda aka mayar, yana kā da Rafi'u a kokowa, sai aka ba shi dama, ya tabbatar da haka, aka karɓe shi. Fa'idar da ke cikin wannan ƙissa ga mas'alarmu babba ce: an yi hukunci da kallon farko, aka saurari hujja, aka sāke hukuncin. Idan haka ta faru a gaban mafificin halitta, wane mai zaɓe ne zai ce kallonsa na farko ya wadatar?

Illar kallon farko ba a ƙasarmu kaɗai take ba. A Kanada, inda wasan hoki na kan ƙanƙara yake da matsayin da kokowa take da shi a wurinmu, manyan ƙungiyoyi suna da ma'aikata waɗanda ba su da wani aiki sai yawo daga sansani zuwa sansani suna rubuta abin da suka gani game da matasa, kuma tun 1963 ake yin zaman shekara-shekara na rabon waɗannan matasa tsakanin ƙungiyoyi. Duk da wannan tsari da dukiyar da ake zubawa, wani malami mai suna Roger Barnsley da abokan bincikensa sun nuna a 1985 cewa waɗanda aka haifa a watannin farkon shekara sun fi yawa ƙwarai cikin zaɓaɓɓu a kan waɗanda aka haifa a ƙarshenta. Dalili kuwa shi ne ana raba yara aji-aji daga 1 ga Janairu, saboda haka wanda ya girmi ɗan ajinsa da wata goma sha ɗaya yakan fi shi jiki, masu dubawa su ɗauki girman jiki a matsayin baiwa, su ba shi horo mafi kyau, har zaton nasu ya zama gaskiya da aikin hannunsu.

To idan wannan ruɗu ya sami mutanen da suka san ranar haihuwar kowane yaro, ina ga mu, da da yawa daga samarin karkara takardarsu ke cewa an haife su wajajen shekara kaza? A layi guda a sansani za ka tarar da ɗan shekara goma sha bakwai da ɗan ashirin da biyu, ana auna su da mudu ɗaya. Ga kuma bambancin ci: wannan ya fito gidan da ake da shanu, ya tashi da fura da nono, wancan kuwa damina ta wuce masa da kunu da tafasa, bai murmure ba aka kira zaɓe. Ga wanda ya kwana a mota daga ci-rani, ya baro dako a Kano ko kasuwar Maigatari, ya shiga fili da gajiyar hanya. Na san wani yaro, ɗan maƙwabcinmu, mai taɗiya da harɗe ƙafa irin wanda ban cika gani ba, wanda aka sallama tun safiyar farko da kalma guda, wai ba shi da jiki. Ya koma ci-rani, bayan shekara uku ya dawo ƙato, amma zuciyarsa ta riga ta bar dandali. Har yau idan na gan shi yana ɗora buhu a kan amalanke, sai in ji nauyin abin da aka yi asara.

Ba na musun cewa jiki yana da muhimmanci, musamman da yake gasar takobi ba ta raba mutane bisa nauyi, ƙarami da babba fili ɗaya suke shiga, kuma mai zaɓen da jiha ke jiran ya kawo takobi bana yana da uzuri idan ya karkata ga wanda ya riga ya nuna. Abin da nake cewa shi ne zaɓen goman bana dabam, tarbiyyar ƴan kokowar baɗi dabam, kuma kuskure ne a yi su da ido ɗaya. Kadri Abdu na Doso, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a ƙarshen 2023, kuma duk wanda ya kalli karonsa ya san cewa dabara da haƙurin jiran kuskuren abokin karo sun yi masa aiki daidai da ƙarfi. Waɗannan kuwa siffofi ne da ba sa bayyana a safiyar farko. Ga kuma wata cuta da take ɓata firasa, wato son zuciya, yayin da kirarin makaɗi, ko sunan uba, ko alfarmar wani mai hali, ya shiga tsakanin ido da abin da yake gani.

Maganin, a ganina, yana cikin haɗa tsohuwar hikima da sabon tsari. A zaunar da dattawan ƴan kokowa na kowane gari tare da masu horarwa, a karɓi shaidarsu a kan halin yaro kamar yadda alƙali ke karɓar shaidar adali. A rubuta abin da aka gani game da kowane matashi, har da wanda aka mayar, a littafin da za a buɗe kaka mai zuwa, domin a auna zato da abin da ya auku. A ware karon ƙanana bisa shekaru da nauyi a matakin ƙaramar hukuma. Kuma kada a sallami yaro sai an faɗa masa abin da ya rage masa da lokacin da zai dawo. Duk wannan ba ya buƙatar dukiya mai yawa, littafi ne da alƙalami da tsoron Allah. Mai zaɓe shaida yake bayarwa a kan ɗan wani, za a kuwa tambaye shi game da ita. Saboda haka ya kamata, idan an tashi daga fili da almuru, ya sake waiwayar siririn yaron nan da ke tsugune a gefe yana kallon ƙafafun wanda ya kā da shi, ya rubuta sunansa da sunan garinsu.