Jinjina ga Dattawan Bakin Tabarma

Bayan sallar La'asar, a ƙofar wani gida a Gyadi-Gyadi, za ka tarar da su kan tabarma: buta a gefe, carbi a hannu, 'yan adaidaita sahu na ta karakaina zuwa Titin Zariya. Su nake wa jinjina, dattawan da ke riƙe da tarihin unguwanninmu a ka.

Tarihin birnin Kano ya samu masu rubuta shi. An san Dutsen Dala da Barbushe, an san Gijimasu ya fara gina ganuwa, kuma Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kasuwar Kurmi. A cikin badala sunan unguwa kan faɗi asalin mutanenta, kamar Tudun Nufawa da Zangon Barebari.

To, mu na wajen ganuwa fa? Dubi mazaɓun Tarauni: Ƙauyen Alu, Unguwa Uku, Daurawa, Darmanawa. Yau duk shaguna da benaye ne, amma kalmar "ƙauye" ta ƙi gogewa. Zauna gaban ɗaya daga cikin dattawan nan ka ce, "Baba, da can me ke nan?" Sai ya gyara zama, ya nuna maka da sanda inda gonar gero take, da inda rijiya take, tun ba a yi mafarkin asibitin Malam Aminu Kano ba. Ko sisi ba ya karɓa, kuma ko sau goma ka tambaya ba ya ƙosawa.

Matasan Tarauni, wayar da ke aljihunku tana naɗar murya. Ku je ku durƙusa ku gaishe su, ku naɗa tun suna raye.