Labarin Dorugu, Baƙo A Gidan Bature

Ya ku 'yan makaranta, yau ina so in yi muku zancen wani tsohon littafi, sunansa Magana Hausa, wanda aka buga a Landan cikin 1885. Sunan da ke bisa bangonsa na wani Bature ne, J. F. Schön. Amma abin da ya fi kome daɗi a cikinsa daga bakin wani yaro Bahaushe ya fito, ana ce da shi Dorugu.

Shi Dorugu mutumin ƙasar Damagaram ne. Tun yana ƙarami aka kama shi bawa, aka yi ta sayar da shi har ya kai Kukawa ta Barno. A can wani Bajamushe matafiyi, Overweg, ya 'yanta shi, shi da wani yaro wai shi Abbega. Da Overweg ya rasu cikin 1852, sai abokin tafiyarsa Dokta Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da suna Abdulkarim, ya riƙe su. Suka bi shi har Tambutu cikin 1853, sa'an nan suka ƙetare hamada zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa, suka isa Ingila cikin 1855. Daga baya Dorugu ya sauka gidan Schön a garin Chatham. Nan ya koyi karatu da rubutun boko, nan kuwa ya riƙa faɗin labarin rayuwarsa, mai gida na rubutawa.

Abin da na fara yabawa shi ne idon yaron nan. Bai shiga ƙasar Turawa yana sunkuyar da kai ba. Dubansu ya yi kamar yadda su ke duban mu in sun zo. Ku karanta inda ya kwatanta yadda Ingilishi ke zaman cin abinci in sun yi baƙi, da yawan ka'idodin da su ke bi kafin loma ta kai baki. Bai zage su ba, bai kuwa ce tasu ta fi tamu ba. Ya dai faɗi abin da ya gani, dalla dalla, har mai karatu ya yi murmushi. Hausarsa kuma miƙaƙƙiya ce, ba ado, ba kewaye-kewaye. Gani ya kori ji, shi ya sa maganarsa ta fi ta mai jin ƙishin-ƙishin nauyi.

To, amma littafin yana da aibi iri biyu, ya kamata ku san su.

Na fari, kunnen mai rubutun. Schön bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. A Saliyo ya fara koyon harshen, wajen bayin da aka 'yanta. Saboda haka bai rarrabe tsakanin b da ɓ ba, ko d da ɗ, ko k da ƙ. Ku kuwa kun san bara daban, ɓara daban. Wanda zai karanta sai ya yi haƙuri, ya riƙa furtawa a fili, sa'an nan muryar yaron ta fito daga ƙarƙashin baƙaƙen.

Na biyu ya fi na farin girma. Baƙo ne ke magana a ɗakin mai masaukinsa, wanda ke ci da shi, kuma alƙalami na hannun mai masaukin. Wane yaro mai kunya zai dubi wanda ya ba shi tuwo ya faɗi duk abin da ke ransa? Don haka in kuna karatu, ku riƙa tambayar kanku: me ya faɗa, me kuma ya haɗiye? Shekara tara ya yi kafin ya komo, cikin 1864. Yaro ya rabu da danginsa, ya zauna cikin sanyi da baƙin harshe, lalle abin da ke cikin zuciyarsa ya fi abin da ya hau takarda.

Ga kuma zancen suna. Schön ya buga littafin nahawun Hausa cikin 1862, da ƙamus cikin 1876, Jami'ar Okusfod kuwa ta girmama shi. Ban ce bai cancanta ba, gama ba don wahalarsa ba da maganar Dorugu ta bi iska. Amma fa ba don Dorugu ba, da aikin nan bai kai inda ya kai ba. Mai gida ya ba da ɗaki da tawada, baƙo ya ba da harshe. Sai cikin 1971, sa'ad da Kirk-Greene da Paul Newman suka juya labarin da Turanci, sa'an nan mutane da yawa suka san wanda ya yi maganar. Shi ko ya riga ya rasu tun 1912, bayan ya koyar a makarantar Ɗan Hausa a Nassarawa ta Kano.

Waɗansunku za su fita neman ilmi, su sauka gidajen mutanen da ba su sani ba. Ku girmama mai masauki, wannan wajibi ne. Amma ku buɗe ido irin na Dorugu, ku kuma yi abin da shi bai sami ikon yi ba, watau ku riƙe alƙalamin da hannunku. Allah ya jiƙan mazan jiya, ya sa mu amfana da abin da suka bari.