Algaita ko Sarewa? Nazari a kan Kayan Kiɗa cikin Daɓen Rumawa

Rumawan dā suna da wata sana'a ta jera ƙananan duwatsu masu launi a daɓen ɗaki har su fid da sura, kuma da yawa daga cikin waɗannan surori na makaɗa ne da mabusa. Abin da muke nufin dubawa a wannan takarda shi ne sunayen da ake ba kayan kiɗan nan, gama idan suna ya karkace, fahimtar labarin da ke cikin zanen ma sai ta karkace.

Mu fara da daɓen da aka tono a Dugga, wanda aka yi a ƙarni na 3 na Miladiyya, yana kuwa ajiye a gidan tarihi na Bardo a birnin Tunis. An zana Odisiyus ɗaure a jikin itacen jirginsa, ga Sirena uku a kan dutse, rabinsu mace rabinsu tsuntsu. Ɗaya tana riƙe da lira, ɗaya da abin busa mai bututu biyu, ta ukun kuwa hannu wofi, watau ita ce mawaƙiya. A waƙar Homa su biyu ne, kuma murya kaɗai ce tarkonsu. Amma dutse ba ya furta murya, saboda haka mai zane ya ɗora musu kayan kiɗa domin ido ya gane abin da kunne ba zai ji ba. Ashe kayan kiɗa a zanen almara alama ne, tilas mai nazari ya san abin da kowanne yake nunawa.

Abin busan nan Girkawa suna ce masa awulos. Littattafan Turawa da dama sun daɗe suna fassara shi da kalmar da ma'anarta sarewa ce, wanda kuma ya bi sawunsu zuwa Hausa sai ya rubuta sarewa. Wannan kuskure ne. Ita sarewa a gefen baki ake hura ta, awulos kuwa yana da ɗan kara mai harshe biyu wanda mabushi ke cusawa cikin baki, kamar dai algaita. Bambancinsu shi ne awulos bibbiyu ake busa shi, kuma yawanci bututunsa bai buɗe a ƙarshe kamar na algaita ba.

Almararsu ita kanta shaida ce. Sun ce Atina ce ta ƙago awulos, da ta ga yadda busa ke kumbura mata kumatu sai ta jefar. Marsiyas ya tsinta, ya gwanance, har ya nemi gasa da Afolo mai lira. Aka kā da shi, aka feɗe shi da ransa. To, mai sarewa kumatunsa ba su kumbura, amma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai algaita a ƙofar fada ya san abin da ya ɓata wa Atina rai. Aristotal ma ya kawo labarin a littafinsa na siyasa, ya kuma aibata awulos da cewa yana hana mai busa magana. Nan ne zuciyar gasar take: mai lira yana kiɗa yana waƙa, mabushi kuwa bakinsa a toshe. Wanda ya ce sarewa ya ɓad da rabin labarin.

Lira ma haka. Kada a kira ta garaya ko molo, domin waɗannan suna da wuya wanda ake danne tsirkiya a kansa. Lira hannuwa biyu gare ta da sanda a gicciye, kowace tsirkiya da muryarta guda. Danginta na raye su ne kirar na Habasha da tambura ta Sudan. Tun da ba mu da irinta, gara a bar mata sunanta a bayyana siffarta.

Zanen da ba na almara ba hukuncinsa dabam ne. Daɓen Zilitan na ƙasar Libiya ya nuna makaɗan filin wasa: mai doguwar ƙaho miƙaƙƙiya wadda siffarta ta yi kusa da kakaki, da masu ƙaho lanƙwasasshe su biyu, da wata mace a bayan ogan mai aiki da ruwa. A nan ana iya gwada zane da abu na zahiri, gama a 1931 an tono ragowar ogan na Rumawa a Akwinkum, cikin Budafes ta yanzu, mai bututu 52, da rubutun da ya nuna shekarar 228.

Shawararmu ga masu fassara da masu shirya ƙamus ita ce su fara tambayar yadda abu ke fid da sauti kafin su ba shi suna. Inda Hausa take da kalma mai dacewa, kamar algaita da kakaki, a yi amfani da ita tare da faɗin bambanci. Inda babu, a ari sunan asali. Idan an kiyaye wannan, ɗalibin Hausa zai karanta daɓen Dugga ya fahimce shi sarai.