Farashi a Saman Kan Ɗan Majalisa: Sake Kallon Sicko na Michael Moore

Wani mutum yana aikin katako, injin yanka ya gutsire masa kan yatsu biyu. Da ya isa asibiti, tunda ba shi da inshorar lafiya, sai aka yanka masa farashi kamar ana cinikin tumaki: mayar da kan yatsan tsakiya dala 60,000, na yatsan zobe kuwa dala 12,000. Ya zaɓi mai sauƙin. Ɗaya guntun ya ƙare a juji. Wannan yana cikin labaran da Michael Moore ya buɗe fim ɗinsa Sicko da su a 2007, fim ne irin wanda ba 'yan wasa a cikinsa, mutane ne na gaske suke ba da labarin abin da ya same su.

Sai dai kafin tausayin mutumin ya gama ratsa mai kallo, Moore ya janye shi gefe. Ya ce fim ɗin ba a kan Amurkawa kusan miliyan 50 marasa inshora ya yi shi ba, a kan miliyan 250 da suke da ita ne, waɗanda ake cirar kuɗinsu duk wata suna zaton sun tsira. Wannan ita ce dabara mafi kyau a fim ɗin gaba ɗaya. Labarin talakan da ba shi da komai kowa ya saba jin sa, ya ce Allah sarki ya wuce. Amma a nuna maka mai aiki, mai albashi, mai katin inshora a aljihu, an hana shi tiyata saboda wani ma'aikaci a ofis ya tono wata 'yar cuta da ya taɓa yi shekarun baya bai rubuta a fom ba, to nan kam mai kallo kansa yake gani.

Na sake kallon fim ɗin ne da tambaya ɗaya: me ya ce game da 'yan majalisa, kuma abin da ya biyo baya ya gaskata shi ko ya ƙaryata shi? Abin da na gani shi ne Moore ya gano inda ƙurjin yake, ya ɗora yatsa a kai na 'yan mintuna, sannan ya saɓi jaka ya tafi yawon duniya.

Kashin farko yana da nauyi, kuma mafi nauyi a ciki ba hawayen marasa lafiya ba ne. Wata likita ce, Linda Peeno, zaune gaban kwamitin majalisar wakilai a 1996, tana ikirarin cewa lokacin da take aikin tantance buƙatun marasa lafiya a wani babban kamfanin inshora ta hana wani mutum tiyatar da za ta ceci ransa, ya mutu, kuma ba wanda ya tuhume ta, sai ma gaba da ta ci a wurin aiki. A nan Moore ya yi abin da ba kasafai yake yi ba, ya yi shiru ya bar hoton ya yi magana. Abin da na fi lura da shi shi ne wurin da aka yi maganar. A gaban 'yan majalisa aka yi ta. Ba wanda zai ce bai ji ba.

Daga nan fim ya shiga tarihi da gudu. Aka saka muryar Shugaba Nixon da hadiminsa John Ehrlichman a wani kaset na Fabrairun 1971, inda hadimin yake bayyana masa cewa ribar sabon tsarin kamfanonin da ake kira HMO tana cikin rage yawan kulawar da ake ba mara lafiya, Nixon kuma ya nuna abin ya yi masa. Aka nuna yadda yunƙurin Hillary Clinton na 1993 zuwa 1994 ya ruguje, da yadda daga baya ita kanta ta shiga sahun gaba na sanatocin da ke karɓar gudummawar kamfanonin lafiya. Wannan ya nuna Moore bai kare 'yan ɓangarensa ba, kuma ya cancanci a yaba masa.

Sai wurin da ya fi zauna mini a rai. A 2003 aka yi dokar da ta shigar da kuɗin magani cikin Medicare, wato inshorar gwamnati ta masu shekara 65 zuwa sama. Moore ya ɗauko hoton bikin sa hannu, 'yan majalisa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, sai ya liƙa wa kowanne alamar farashi a saman kai, adadin kuɗin da ya karɓa daga kamfanonin lafiya. Ba zagi, ba dogon wa'azi, lissafi kawai. Sannan ya tsaya a kan Billy Tauzin, ɗan majalisar Louisiana da ya yi ruwa ya yi tsaki wajen tura dokar yana ta rantsuwa da ƙaunar mahaifiyarsa, wanda bai daɗe ba ya bar majalisa ya zama shugaban ƙungiyar kamfanonin magunguna ta PhRMA, a kan albashin da aka ruwaito ya kai dala miliyan 2 a shekara. Dokar kuwa ta haramta wa gwamnati yin ciniki da kamfanoni a kan farashin maganin da za ta biya. Mai sayen kaya mafi girma a kasuwa aka ɗaure wa baki, aka ce kada ya taya.

A nan na so a ce fim ɗin ya zauna ya miƙe ƙafa. Daren da aka kaɗa ƙuri'ar dokar a majalisar wakilai kaɗai ya isa fim. Ƙuri'ar da aka saba rufewa cikin minti 15 aka bar ta a buɗe kusan awa uku, ana lallashi ana murɗa hannu har gab da asuba, kafin ta wuce da 220 da 215. Wane ne ya sauya ra'ayi, me aka yi masa alkawari, me mutanen mazaɓarsa suka yi masa daga baya? Waɗannan su ne tambayoyin da ke gaban duk wanda yake son a kama wakilinsa da alhakin abin da ya aikata. Moore bai tsaya a kansu ba. Ya tsallaka Kanada.

Ba na musun daɗin kashi na biyu. A wani asibitin Landan, Moore yana yawo yana neman inda ake biyan kuɗi, ma'aikata suna yi masa dariya, har ya samu tagar mai kuɗi, ashe aikinsa shi ne ya mayar wa marasa ƙarfi kuɗin motar da suka kashe wajen zuwa asibiti. Duk wanda ya taɓa tsayawa layin biyan kuɗin kati da mara lafiya a kafaɗa zai ji wannan wurin har cikin ƙashinsa. Hirarsa da tsohon ɗan majalisar Birtaniya Tony Benn ita ma tana da ma'ana: hujjar dattijon ita ce ƙasar da ta iya samo kuɗin yaƙi za ta iya samo kuɗin jinya, kuma ƙuri'a ce ta ba talaka ƙarfin da a da sai mai kuɗi ke da shi.

Amma Moore ya nuna mana tuwo a akushi bai nuna mana surfe da niƙa ba. Hukumar lafiya ta Birtaniya da aka kafa a 1948 sai da ministan lafiya Aneurin Bevan ya yi dogon ja-in-ja da ƙungiyar likitoci, ya kuma sassauta wa manyansu, kafin ta tsaya da ƙafarta. A lardin Saskatchewan na Kanada, inda tsarin ƙasar ya samo asali, likitoci sun yi yajin aiki na kwana 23 a 1962 don su hana shi. Harajin da ke ɗauke da waɗannan tsare-tsare, da watannin da mutum kan yi yana jiran tiyatar gwiwa ko ta ido, duk an wuce su da raha. A Faransa an tambayi iyali masu rufin asiri ko haraji ya dame su, suka yi murmushi, shi ke nan an rufe babin. Tafiyar Kyuba kuwa, inda ya kwashi masu aikin ceto na harin 11 ga Satumba da suka kamu da ciwon huhu ya kai su Havana, ta taɓa zuciya amma ta raunana hujja. Jerin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2000 da fim ɗin ya yi wa Amurka gori da shi saboda ta zo ta 37, shi ne ya ajiye Kyuba a ta 39. Kuma asibitin da ya san kyamarar baƙo na tafe, a ƙasar da ba a sukar gwamnati, ba shi ne ma'auni ba. Da wannan Moore ya miƙa wa abokan hamayyarsa sandar dukansa.

Shekara biyu bayan fitowar fim ɗin, tarihi ya gwada shi. Obama ya hau mulki a 2009 da alkawarin gyara, kuma a wurare biyu Moore ya fita kunya. Wendell Potter, tsohon babban jami'in hulɗa da jama'a na kamfanin Cigna, ya fito ya ce lallai masana'antar inshora ta shirya yadda za ta ɓata sunan Sicko, daga baya har ya nemi afuwar Moore. Shi kuma Tauzin mai alamar farashi, da shi Fadar White House ta zauna aka ƙulla yarjejeniyar dala biliyan 80 da kamfanonin magunguna don kada su yaƙi dokar. Shawarar kafa inshorar gwamnati da za ta yi gasa da kamfanoni ta mutu a majalisar dattawa bayan Sanata Joe Lieberman ya ce ba zai ba da ƙuri'arsa ba muddin tana ciki.

Amma akwai mutum ɗaya da babu shi a fim ɗin, kuma shi ne ya cika zaurukan taro a watan Agustan 2009: mai zaɓe da ke da inshora, yana tsoron a taɓa masa ita. Waɗannan mutane sun yi wa wakilansu ihu a fuska. Gaskiya ne an hura musu wuta da ƙarya, irin wadda Sarah Palin ta yaɗa cewa za a kafa kwamitocin yanke wa tsofaffi hukuncin mutuwa. Amma tsoron nasu ba sayen sa aka yi ba, nasu ne. Dokar ta wuce majalisar wakilai a Maris 2010 da 219 da 212, babu ɗan Rifablikan ko ɗaya a masu goyon baya. A zaɓen Nuwamban shekarar 'yan Dimokurat suka rasa kujeru 63. Matsin tattalin arziki yana da nasa kaso a wannan kayen, amma irin su Tom Perriello na Virginia, da ya zaɓi dokar yana sane da yanayin mazaɓarsa, sun koma gida bayan zango ɗaya.

Nan ne tunanin fim ɗin ya gaza. A wurin Moore lissafin mai sauƙi ne: jama'a na so, kuɗi ya hana, ɗan majalisa ya ci amana. Idan haka ne kawai, da zarar an tona asiri sai ƙuri'a ta gyara komai. Abin da ya faru shi ne ƙuri'a ta hukunta da yawa daga cikin waɗanda suka yi gyaran, alhali dokar ta hana kamfanoni ƙin mutum saboda tsohuwar cuta, wato ainihin zaluncin da kashin farko na fim ya yi kuka a kai, kuma adadin marasa inshora ya sauka daga kusan kashi 16 cikin 100 a 2010 zuwa kusan kashi 9 a 2016. Sai da mutane suka ɗanɗana ta sannan suka fara kare ta. A 2017 zaurukan taron suka sake cika, wannan karon da masu ihun kada a soke ta, kuma a daren 28 ga Yuli John McCain ya juya babban yatsansa ƙasa, yunƙurin sokewar ya faɗi da 49 da 51.

Wani abin ban dariya da ya fi duk barkwancin Moore: Sanata Chuck Grassley, wanda bai zaɓi dokar ba, shi ya kawo shawarar a tilasta wa 'yan majalisa sayen inshorarsu a kasuwar da dokar ta kafa, su ci daga tukunyar da suka dafa. 'Yan Dimokurat suka karɓa, ta shiga doka. Gwamnati dai ta ci gaba da biya musu kaso mafi tsoka na kuɗin.

Mai kallo a Kano ko Gusau yana iya cewa wannan rigimar masu ƙoshi ce. Ba haka ba ne gaba ɗaya. Tsarin inshorar lafiya na Najeriya da ya fara aiki a 2005 kamfanonin HMO ya sa a tsakanin mara lafiya da asibiti, sunan nan dai da aka ji a kaset ɗin Nixon. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, amma sai a kasafin 2018 kuɗin ya fara bayyana. Dokar 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, alhali har yanzu fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Abin da na fi jin rashinsa bayan kallon shi ne wannan alamar farashin. Moore ya iya liƙa ta ne saboda a Amurka ana wallafa wanda ya ba ɗan takara kuɗi da yadda ya kaɗa ƙuri'a. A majalisarmu yawancin ƙudurori da amon murya ake yanke su, masu e da masu a'a, guduma ta sauka, ba ka da takardar da za ka riƙe wakilinka da ita.

Ƙarshen fim ɗin ne ya fi ba ni haushi. Moore ya aika wa mutumin da ke gudanar da shafin intanet na sukarsa cakin dala 12,000 a ɓoye don ya biya kuɗin jinyar matarsa, sannan ya zo ya faɗa wa duniya a fim. Sadakar da aka yi wa shela ta zama ramuwar gayya. Daga nan ya ɗauki kwandon wankinsa ya nufi ginin majalisa, wai gwamnati ta wanke masa kamar yadda ya nuna ana taimaka wa masu jego a Faransa. Ya isa ƙofar da ya kamata a ce a cikinta ya yi rabin fim ɗin, sai aka fara rubuta sunaye.

Haramcin cinikin farashin magani da Tauzin da abokansa suka sa a 2003 kuwa ya yi shekara 19 yana aiki. Sai a Agustan 2022 aka sassauta shi, da ƙuri'a 51 da 50, mataimakiyar shugaban ƙasa Kamala Harris ce ta raba gardama. Magunguna goma kacal aka fara da su.